Daga Zango Zuwa Gari: Rayuwar Samuel de Champlain da Kafuwar Kebek

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Samuel de Champlain, sojan Faransa kuma matuƙin jirgin ruwa mai zana taswira, wanda ya kafa Kebek a bakin Kogin Saint-Laurent a shekarar 1608, ya kuma mutu a can a 1635. An fi mayar da hankali ga saɓanin da ya cinye rabin rayuwarsa, wato tsakanin attajiran da ke son wurin ya tsaya a matsayin zangon sayen fatu, da shi da ke son ya zama gari mai gonaki da iyalai. An kuma duba yadda zaman Faransawan ya rataya a wuyan 'yan asalin ƙasar, da abin da hakan ya jawo wa kowane ɓangare.

1.0 Gabatarwa

A watan Yulin 1629, lokacin da jiragen ruwan Ingilishi guda uku suka tsaya a gaban Kebek suka nemi a miƙa musu wurin, shekara ashirin da ɗaya ke nan da kafa shi. Duk da haka Faransawan da ke ciki, maza da mata da yara, ba su kai ɗari ba. In aka ɗebe 'yan gonakin limaman coci, gida ɗaya ne tak ke noma da gaske. Sauran ma'aikatan kamfani ne, abincinsu daga Faransa yake zuwa sau ɗaya a shekara, in jirgi ya makara kuwa sai yunwa. A daidai wannan lokaci Ingilishin da ke Bajiniya, waɗanda suka riga su sauka da shekara ɗaya kacal, sun daɗe da haura dubu.

Mai karatun da ya san mulkin mallakar Faransa ta hanyar ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ratsa Lugu da Birnin Ƙonni da wuta a 1899, zai tarar da wata Faransa dabam a Kanada ta farkon ƙarni na 17: mai ƙarancin mutane, mai ƙarancin kuɗi, wadda ba ta iya taka ƙafa cikin daji sai da ɗan jagora. Hausa ta bambanta zango da gari. Zango masaukin fatake ne, ana sauke kaya a yi ciniki a ɗaura a wuce, kuma ko ya daɗe har ya yi kasuwa, ƙasar da yake kai ta wasu ce, da yardarsu ake zaune. Gari kuwa sai da gona da rumbu da maƙabarta da yaran da aka haifa a cikinsa. A tsakanin waɗannan biyu Champlain ya ƙare kwanakinsa.

2.0 Tasowarsa

An haife shi wajen shekarar 1570 a gaɓar tekun Atilantika a yammacin Faransa, kuma a littafinsa na farko ya danganta kansa da garin Brouage. Brouage tashar gishiri ce, jiragen ƙasashe da dama na zuwa lodi, ciki har da na masunta masu tsallaka teku zuwa gaɓar Arewacin Amurka don kamun kifin da ake adanawa da gishiri. Mahaifinsa Antoine kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, mahaifiyarsa kuma Marguerite Le Roy. Ya tashi ne a tsakiyar yaƙe-yaƙen addini da suka ɗaiɗaita Faransa tsakanin Katolika da Furotesta daga 1562 zuwa 1598, kuma Brouage kansa ya sha sauya hannu. Sunan Samuel ya fi yawa a gidajen Furotesta, abin da ya sa masana tarihi da dama ke ganin daga irin wannan gida ya fito, ko da yake duk rayuwarsa ta girma a Katolika ya yi ta. Sarkin da ya bauta wa, Henri na IV, shi ma haka ya sauya sheƙa a 1593.

Daga 1595 zuwa 1598 ya yi aikin soja a rundunar sarki a lardin Bretagne. Aikinsa shi ne nemar wa dakaru masauki da guzuri, aikin da ba ya jawo kirari, amma yana koya wa mutum lissafin buhun gari da yawan bakin da zai ci shi. Da aka yi sulhu a 1598 sai ya bi wani kawunsa, matuƙin jirgi, zuwa Sifen, daga can kuma ya shiga ayarin jiragen Sifaniyawa zuwa tsibiran Karibiyan da gaɓar Meziko. Wani rubutaccen bayani da ake danganta masa game da wannan tafiya ya nuna ƙyamar yadda Sifaniyawa ke dukan 'yan ƙasa da ƙona su da sunan addini. Kawun ya mutu a 1601 ya bar masa dukiya, sarki kuma ya yanka masa ɗan alawus. Wannan rufin asiri ne ya ba shi damar yin magana da attajirai ba a matsayin bara ba.

3.0 Fata, Hunturu da Ciwon Dasashi

Abin da ya kai Faransawa Kanada a wancan zamani wata dabbar ruwa ce da suke kira kasto. Ta ɗara gafiya girma nesa ba kusa ba, tana da faffaɗar wutsiya, tana datse rafi da itatuwan da ta sara da haƙoranta. Lallausan gashin da ke ƙarƙashin na samanta shi ake daddaƙewa a yi malafar da manyan mutanen Turai ke yayi. Wani abin mamaki shi ne fatar da 'yan ƙasa suka riga suka yi sutura da ita har dogon gashin ya zube ta fi sabuwa tsada, domin ta fi sauƙin sarrafawa. Bafaranshe na sayen tsohuwar riga da gatari da tukunyar tagulla da wuƙa, kowane ɓangare na ganin shi ya ci riba. Tun da baitulmalin sarki ba shi da kuɗin kafa mazauni a ƙetare, dabarar da aka yi ita ce a bai wa wani attajiri ko basarake izinin kaɗaita da cinikin fata, shi kuma ya ɗauki nauyin kai mutane su zauna. Tushen matsalar ke nan, domin riba tana cikin fata, mutane kuwa kashe kuɗi ne.

A 1603 Champlain ya bi François Gravé du Pont zuwa Tadoussac, inda Kogin Saguenay ke shiga Saint-Laurent. A ƙarshen watan Mayu suka tarar da babban taron Innu da ƙawayensu suna bikin nasarar da suka yi a kan Irokwa. Shugaban taron, Anadabijou, ya nuna yardarsa Faransawa su zauna a ƙasar, su kuma taimaka a kan abokan gaba. Sharuɗɗa biyun tare suka zo, kuma daga ranar ba su rabu ba. Champlain ya haura kogin har zuwa gangaren ruwa mai duwatsu da ke kusa da inda Montréal take a yau, yana tambayar mutane abin da ke gaba, suna zana masa tafkuna da koguna. Ya koma gida ya buga littafinsa na farko, Des Sauvages, a wannan shekara.

Kafin ƙarshen shekarar, izinin ya koma hannun Pierre Dugua de Mons, wani basarake Furotesta, wanda ya zaɓi yankin Akadiya na bakin teku da zaton ya fi ɗumi. Suka gina masauki a wani ƙaramin tsibiri, Sainte-Croix, saboda sauƙin tsaro. Kuskure ne babba. Dusar ƙanƙara ta sauko tun watan Oktoba, ƙanƙarar da ke yawo a kogin ta hana su tsallakawa neman itacen wuta da ruwan sha da nama. Abinci ya koma naman gishiri kawai. Sai ciwon ya kama su: dasashi ya kumbura ya ruɓe, haƙora su yi ta girgiɗi har a cire su da yatsa, ƙafafu su yi baƙi. Cikin mutum 79 da suka shiga hunturun, 35 suka mutu. A yau an san rashin sinadarin bitamin C ne ke kawo shi. A lokacin kuwa har gawa suka feɗe suna neman dalili. Champlain ya san cewa Jacques Cartier ya tsira daga wannan ciwo a hunturun 1535 zuwa 1536 da wani jiƙon ganye da ɓawon itace da mutanen Stadacona suka nuna masa, ya yi ta cigiyar itacen bai dace ba.

A 1605 suka kwashe katakon gidajen suka koma Port-Royal. Daga nan ya yi ta bin gaɓar teku yana auna zurfin ruwa da zana mashigai har kudu da Cape Cod, kuma taswirorin da ya bari na wannan gaɓa sun fi duk na gabaninsa inganci. A hunturun 1606 zuwa 1607 ya ƙirƙiro wata ƙungiyar cin abinci wadda a cikinta kowa ke da ranarsa ta ciyar da sauran, abin da ya sa aka shiga gasar farauta da kamun kifi. Membertou, dattijon shugaban Mi'kmaq, tare da su yake zama a kan tebur. Ɗanyen nama da motsa jiki suka rage mace-mace ƙwarai. Sai dai a 1607 attajiran da aka hana cinikin suka yi ta kai ƙara fada har aka soke izinin de Mons, kowa ya tattara ya koma Faransa.

4.0 Kebek

De Mons ya samu ƙarin shekara ɗaya, ya naɗa Champlain muƙaddashinsa, wannan karon zuwa Saint-Laurent, kusa da inda fatun ke fitowa. Ranar 3 ga Yulin 1608 ya sauka a gindin wani tsauni inda kogin ya tsuke, ma'anar sunan Kebek ke nan a harsunan mutanen wurin. Duk wanda ya riƙe wannan matsatsi ya riƙe ƙofar ƙasar. Ya gina gidajen katako uku masu bene da ɗakin ajiya, ya kewaye su da gwalalo, ya kafa igwa, ya share fili ya gwada shuka alkama da kayan lambu.

Ba a gama ginin ba aka tona wata maƙarƙashiya. Wani maƙerin makullai, Jean Duval, ya haɗa kai da wasu ma'aikata su kashe shi su sayar da wurin ga 'yan kasuwar Bask ko Sifaniyawa. Aka yi shari'a, aka rataye Duval, aka tsire kansa a kan sanda a wurin da kowa zai gani. Hunturu ya zo ya yi abin da Duval bai yi ba: atuni da ciwon dasashi suka kashe mutum ashirin cikin ashirin da takwas. Da jirgin agaji ya iso a watan Yunin 1609, mutum takwas ya tarar.

Da wannan ɗan ƙarfi ne ƙawayen suka zo karɓar alkawarin Tadoussac. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Champlain da Faransawa biyu suka shiga kwalekwalen ɓawon itace tare da mayaƙa sittin na Innu da Algonkin da Wendat, suka haura Kogin Richelieu zuwa babban tafkin da ya sa wa sunansa. Da safiyar 30 ga Yuli suka gwabza da mayaƙan Mohawk kimanin ɗari biyu, ɗaya daga cikin al'ummu biyar na tarayyar Irokwa. Ƙawayen suka buɗe masa hanya ya fito gaba sanye da sulke, ya ɗura wa bindigarsa, mai kama da adaka, dalma huɗu, ya harba. Bisa ga bayaninsa, shugabanni biyu suka faɗi nan take, na uku ya yi raunin da ya kashe shi. Mohawk, waɗanda garkuwarsu ta itace ta kibiya ce, suka watse.

An daɗe ana rubuta cewa wannan harbi guda ne ya haddasa gabar ƙarni guda tsakanin Faransa da Irokwa. Zancen ya yi wa harsashi ɗaya nauyi. Yaƙin ya girmi zuwan Champlain, shi an gayyace shi ne ciki, kuma abin da ya rura shi daga baya gasar cinikin fata ce, musamman bayan Holandawa sun kafa nasu zangon a Kogin Hudson. Abin da ranar ta fi nunawa shi ne matsayinsa: ba shi ya zaɓi hanya ba, ba shi ya tsara yaƙin ba, kuma da aka fara azabtar da wani fursuna da dare, iyakar abin da ya iya shi ne nuna fushi har aka bar shi ya ƙarasa mutumin da bindiga. Ya rubuta ƙyamarsa ga wannan azaba dalla-dalla. Yana da kyau a tuna cewa mai rubutun shi ne ya tsire kan Duval shekara guda kafin nan, kuma a 1610, a tsakiyar Faris, da dawakai aka yayyaga mutumin da ya kashe Sarki Henri na IV.

5.0 Aure da Fada

Kisan Henri na IV a watan Mayun 1610 ya raba Champlain da babban majiɓincinsa. A ƙarshen wannan shekara ya ƙulla aure da Hélène Boullé, 'yar wani sakataren fadar sarki, tana da shekara goma sha biyu, shi kuma yana wajen arba'in. Takardar auren ta ƙayyade cewa ba za ta tare ba sai bayan shekara biyu. A al'adar Faransa ta wancan zamani iyayen amarya ke bai wa ango dukiya, kuma a nan an yanka liba 6,000, aka biya 4,500 nan take. Auren neman gindin zama ne a fada da neman jari, kuma babu alamar ya yi wa yarinyar daɗi. Ta je Kebek a 1620, ta yi shekara huɗu, ta koma ba ta sake waiwayar wurin ba. Ba su haihu ba. Bayan mutuwarsa ta shiga zaman zuhudu, ta kafa gidan mata masu ibada a garin Meaux, inda ta mutu a 1654.

Daga 1612 aka riƙa naɗa manyan 'yan sarauta a matsayin wakilan sarki a Sabuwar Faransa, irin su Yarima Condé, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar ba, Champlain na zama muƙaddashinsu. Ya tsallaka Atilantika fiye da sau ashirin, kuma yawancin tafiye-tafiyen na neman sa hannu ne da roƙon kuɗi. Littattafansa na 1613 da 1619 da 1632, da taswirorin da ke cikinsu, wani ɓangare ne na wannan roƙo.

6.0 A Ƙasar Wendat

Champlain ya gane da wuri cewa baƙo ko da ido makaho ne. Tun 1610 ya fara musayar samari da ƙawayensa: ya ba su Étienne Brûlé ya zauna cikinsu ya koyi harshe, shi kuma ya tafi da wani saurayi, Savignon, zuwa Faransa. Daga irin waɗannan samari tafintoci suka fito. Ba dukkansu ne masu gaskiya ba. A 1613 wani Nicolas de Vignau ya rantse cewa ya ga tekun arewa da idonsa, Champlain ya bi shi suka haura Kogin Ottawa da wahala, sai da suka isa wurin Tessouat, shugaban Algonkin mai karɓar kuɗin fito a kogin, aka ƙaryata shi a bainar jama'a. Tessouat kuma bai bar su sun wuce ba, domin ba ya son Faransawa su tsallake shi su isa ga masu fatun kai tsaye.

A 1615, shekarar da ya kawo limaman ɗariƙar Rekole guda huɗu, ya isa ƙasar Wendat a gefen Tafkin Huron. Abin da ya gani ya bambanta da na mafarautan bakin kogi. Manoma ne masu masara da wake da kabewa, suna zaune a garuruwa masu kafi, cikin dogayen gidajen da iyalai da yawa ke tarayya, yawansu ya kai dubun-dubata a lokacin da Kebek ba ta da mutum sittin. Su ne dillalan arewa, suna ba da masara su karɓi fata. A watan Oktoba ya bi su yaƙi kudu da Tafkin Ontario, suka kewaye wani garin Irokwa mai kafi ninki huɗu. Ya sa aka yi hasumiyar katako don harbi daga sama, irin dabarar Turai, amma mayaƙan ba su saba da karɓar umarni irin na bariki ba, ya yi ta ihu babu mai ji. Kibiya biyu suka same shi a ƙafa da gwiwa. A cikin kwando aka ɗaure shi, wani ƙato ya goya shi kwana da kwanaki.

Ya nemi a mayar da shi Kebek, aka ce babu kwalekwale. Dole ya yi hunturu a cikinsu, a gidan wani shugaba mai suna Atironta. Ya taɓa ɓata a daji kwana uku yana bin wani tsuntsu, daga nan mai masaukinsa bai ƙara barinsa fita shi kaɗai ba. Bayanin da ya rubuta kan noma da aure da jana'iza da shawarar dattawan Wendat yana cikin mafi daraja da aka samu daga wancan zamani, domin mutum ne mai lura. Sai dai lurar ba ta sauya hukuncinsa ba: yana ganinsu mutane masu hankali da ƙarfin jiki waɗanda ba su da addini da doka, kuma burinsa su zama Kirista masu jin Faransanci. Daga 1616 bai sake yin doguwar tafiyar bincike ba.

7.0 Gardama da Kamfani

Sauran shekarunsa na faɗa da attajirai ne, kuma labarin Louis Hébert ya isa misali. Hébert mai haɗa magunguna ne a Faris, Champlain ya san shi tun Port-Royal, ya lallashe shi ya ƙaura da iyalinsa. Mutumin ya sayar da gidansa, ya iso tashar Honfleur a 1617 da matarsa Marie Rollet da 'ya'ya uku, sai kamfani ya sauya magana: aka rage albashin da aka yi masa alkawari zuwa rabi, aka hana shi taɓa cinikin fata, aka kuma wajabta masa sayar wa kamfani amfanin gonarsa a farashin Faransa. Ba shi da wurin komawa, ya sa hannu. Da hannu ya share gonarsa a kan tsauni, ya mutu a farkon 1627 sakamakon faɗuwa a kan ƙanƙara. Sai a 1628 surukinsa Guillaume Couillard ya fara huɗa da garmar shanu, shekara ashirin bayan kafa wurin.

Attajiran ba wawaye ba ne. Kowane iyali da aka kai kuɗin jirgi ne da ciyarwa na shekaru, kuma manomin da ya zauna gobe shi ne zai tare kwalekwale a bakin kogi ya sayi fata a bayan idon kamfani. A 1618 Champlain ya kai wa sarki da majalisar 'yan kasuwa wani tsari: a gina birni mai suna Ludovica, a kai iyalai 300 da sojoji 300, a ci moriyar kifi da katako da ma'adinai da noma, a kuma nemi hanyar ruwa zuwa Sin wadda za a riƙa karɓar kuɗin fito a kanta. Ya ƙiyasta ribar da ta haura liba miliyan biyar a shekara. An yaba, ba a ba da ko kwabo ba. A 1619 ma 'yan kamfanin hana shi shiga jirgi suka yi. Da ya dawo a 1620 ya tarar da gidajen na yoyo, ya gyara, ya fara gina ganuwar Saint-Louis a kan tsauni, kamfani na ƙorafin an ɗauke masa ma'aikata.

Sauyi ya zo a 1627, lokacin da Kadinal Richelieu, wazirin Sarki Luwi na XIII, ya kafa kamfanin masu hannun jari ɗari, Champlain na cikinsu. An ɗora masa kai mutum 4,000 cikin shekara goma sha biyar, dukkansu Katolika. An rufe ƙofa ga Furotesta, waɗanda su ne suka fi kowa dalilin barin Faransa. An kuma tanadi cewa ɗan ƙasar da ya karɓi Kiristanci za a ɗauke shi Bafaranshe.

8.0 Faɗuwa da Dawowa

Ƙaddara ta riga fata. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila, kuma a 1628 'yan'uwan nan Kirke, waɗanda suka tashi a Dieppe amma suke wa Ingila aiki, suka ƙone gonar dabbobin da Champlain ya kafa a Cap Tourmente, suka aiko masa da takardar neman ya miƙa wuya. Ya amsa da ladabi cewa ba zai yi ba, ya nuna kamar rumbunsa cike yake, alhali albarushinsa bai taka kara ya karya ba. Kirke suka janye, amma a hanya suka kama ayarin farko na sabon kamfanin da mutum wajen 400 da guzurin shekara. Hunturun da ya biyo da awo ake raba wake, ana sayen wani kifi mai siffar maciji daga hannun Innu da fatun kasto, ana tonon saiwoyi a daji. Da jiragen suka dawo a watan Yulin 1629 babu abin yaƙi. Brûlé, yaron da ya rena, yana cikin waɗanda suka koma ɓangaren Ingilishi.

Abubuwa biyu na wannan lokaci sun cancanci a tsaya a kansu. A 1628 Innu sun ba shi 'yan mata uku ya rena, ya sa musu sunaye masu ma'anar Imani da Fata da Jinƙai. Ɗaya ta koma wurin danginta, biyun ya so tafiya da su Faransa, Kirke ya hana, suka zauna a gidan Couillard. A gidan nan kuma daga baya wani yaro ɗan Afirka ya ƙare, wanda Kirke suka zo da shi suka sayar. An yi masa baftisma a 1633 da sunan Olivier Le Jeune, ya mutu a Kebek a 1654. Shi ne bawa ɗan Afirka na farko da takardun Sabuwar Faransa suka ambata.

Da aka kai Champlain Ingila sai ya ji cewa an yi sulhu tun watan Afrilu, wata uku kafin a karɓi Kebek. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin jakadan Faransa a Landan da fadar Faris. Sarkin Ingila Charles na I ya riƙe wurin har sai an biya shi ragowar dukiyar auren matarsa, ƙanwar sarkin Faransa, kuma sai a yarjejeniyar Saint-Germain-en-Laye ta 1632 aka mayar. A watan Mayun 1633 ya dawo, ya haura sittin, ya tarar da kango. Ya sake gini, ya gina cocin da ya yi bakance, ya aika aka kafa Trois-Rivières a 1634. A wannan shekara Robert Giffard ya samu ƙasa a Beauport ya fara kawo iyalai daga lardin Perche, magina da kafintoci da manoma, waɗanda zuriyarsu ta cika Kanada. A wani taro da Innu a 1633 ya bayyana fatansa cewa samarin Faransa za su auri 'ya'yansu mata a zama al'umma ɗaya.

A watan Oktoban 1635 ɓarin jikinsa ya shanye, ya mutu ranar 25 ga Disamba. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamna a hukumance ba, wanda ya gaje shi, Montmagny, shi aka fara bai wa. Faransawan ƙasar a lokacin 'yan ɗaruruwa ne, kuma ko a ƙidayar 1666 mutum 3,215 aka samu. Wasiyyar da ya bar wa coci dukiyarsa wata 'yar'uwarsa ta ƙalubalanta a kotun Faris, aka soke ta. Gobarar 1640 ta cinye cocin da ya gina, kabarinsa kuma ya ɓace, an sha tono ba a gano shi ba. Hoton nan nasa mai gemu da ke cikin littattafan makaranta ma ba nasa ba ne, an kwaikwayo shi ne a ƙarni na 19 daga hoton wani jami'in kuɗi, Michel Particelli d'Émery.

Wendat da suka goya shi a kwando ba su daɗe a bayansa ba. Daga 1634 cututtukan da suka biyo jiragen Turai suka shiga garuruwansu, agana ta 1639 ta yi musu mummunar ɓarna, cikin shekara shida yawansu ya ragu da kusan rabi. Tsakanin 1648 da 1650 Irokwa, ɗauke da bindigogin Holandawa, suka tarwatsa ƙasar. A 1650 wasu kimanin 300 suka biyo limaman Jezuwit zuwa Kebek neman mafaka. Bayan sun yi ƙaura sau da dama a kewayen garin, a 1697 suka zauna a wurin da ake kira Wendake, inda zuriyarsu take har yau.